Kun Tsayar da 'Yata a Bayan Kujera

Zuwa ga Shugabar makarantar da 'yata Nana take aji biyar, a nan Dubai.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da malamanki. Na riga na aika miki da wannan takarda da Turanci. Ta Hausar don iyaye 'yan'uwana ce masu kai 'ya'yansu makarantun tsarin Amurka, su ji abin da na gani da idona ranar Alhamis ɗin makon jiya.

Na farko. Malamar tarihi ta aiko cewa yara za su yi wasan kwaikwayo a kan Turawan farko da suka zauna a Carolina ta ƙasar Amurka da manyan gidajen da suka kafa, kuma Nana ta zo da kayan gargajiyar Afirka. A wurinmu, in aka ce yarinya ta zo da kayan gargajiya, karramawa ce. Na buɗe akwati na ciro saƙin mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta, zanen da ko ni ba na ɗaurawa sai da babban dalili. Na yi wa Nana kitso, na sa mata lalle. Na nemi izini a ofishinmu na jigilar kaya da ke unguwar Al Ras, har na jawo maƙwabciyata Maman Grace daga Karama ta taya ni guɗa.

Aka ja labule. Yara suka shigo da hulunan gashi da riguna masu baza, kowa yana faɗin sunan gidansu da gonakin shinkafarsu da cocin da kakansa ya gina. Ina ta leƙe ina neman tawa. Can na hango ta tsaye a bayan kujerar uwargida, da faranti a hannu, cikin zanen uwata. Ko kalma ɗaya ba a ba ta ba. Wayata tana sama ina ɗaukar bidiyo, na kasa sauke hannuna. Maman Grace ce ta sauke mini shi.

Na biyu. Mai gabatarwa ta kira ta "mai taimakon gida". Ranki ya daɗe, ni ma na karanta tarihin nan, kuma ba a littafin 'yan aji biyar ba. Mai taimako tana da albashi, in ta gaji ta kama hanyarta. Matar da Nana ta fito a matsayinta baiwa ce, a kasuwa aka saye ta. Shinkafar da ta tsayar da waɗancan gidaje, mutanen da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka san nomanta, cikinsu har da Musulmi masu rubutu da Larabci. Ban ce a ɓoye wa yara wannan ba. A faɗa musu da sunansa. Kun ji kunyar kalmar, ba ku ji kunyar tsayar da yarinya ba.

Na uku. Na tambayi malamar yadda aka raba matsayi. Ta yi murmushi, ta kira ni habibti, wai masoyiyarta, ta ce ai Nana ce ta fi dacewa. Na ce da me? Har yau ina jiran amsa. Ɗan Pakistan ya sa hular gashi ya zama gwamna, 'yar Lebanon ta zama uwargida, ba wanda ya duba fatarsu. Ta Nana kaɗai aka duba.

Na huɗu, wanda ya fi girgiza ni. Washegari a wurin cin abinci yara suka riƙa miƙa mata kofunansu, suna ce mata yalla, wato maza, kawo ruwa. Kuma ta kawo. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce ta ɗauka wasan bai ƙare ba. Tun ranar ba ta koma makaranta ba. Kullum da safe cikinta ke ciwo, likita kuwa bai ga komai ba.

Ga abin da nake nema. A cire bidiyon wasan da kuka ɗora a shafin intanet na makaranta. Malamar ta tsaya gaban ajin ta faɗa wa yaran ko wace ce matar, da yadda aka kawo ta, sannan ta ba Nana haƙuri a gabansu, tunda a gabansu aka yi. Kada a kira ni ofis a ba ni shayi, ba ni ce na daina zuwa makaranta ba.

Ranar Litinin zan kawo ta da kaina har ƙofar aji. In an shirya, ta shiga. In ba a shirya ba, zan juya da ita, daga nan hukumar ilimi muka nufa.

Allah ya ba ki ikon yin adalci, ya sa kada ki taɓa jin ɗan cikinki ya ba ki irin amsar da Nana ta ba ni.

Wassalam.

Mahaifiyar Nana,
Al Karama, Dubai.