A Cire Ledar Nan, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Daraktan cibiyarmu ta koyon tsara na'urorin da ke sarrafa injinan masana'anta, Gombe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Sadiƙu daga Bagadaza, dogon nan mai yawan tambaya da ke zama bakin taga. Na bi ofishinka har masinja ya haddace tarina, shi ya sa na fito fili.

Na farko. Tun kafin damina aka sauke mana kayan firaktikal: akwatunan PLC, wato ƙwaƙwalwar da ke gaya wa inji ya tashi ko ya tsaya, da sensa mai kai mata rahoton abin da ke faruwa, da kebul nadi-nadi. Ranar har rawa na taka a gaban mota. Yau gero ya isa yanka, kayan suna nan cikin ledarsu, an ɗaura musu jan ƙyalle, an datse ɗakin. Dalili? Wai babban baƙo bai zo ya ƙaddamar ba. Muna leƙensu ta taga muna yi musu sannu da hutawa.

Na biyu. Malaminmu, Allah ya saka masa, da ya rasa yadda zai yi sai ya mai da mu kayan aikin. Shi ne PLC. Chinedu, ɗan mai shagon kayan wuta, shi ne sensa, ya hau benci ya yi ihu wai tanki ya cika. Igiyar shanya ce kebul. Ni ne injin jan ruwa, Ranka ya daɗe. In Malam ya ja igiya in hau juyi ina gurnani, in ya saki in tsaya cak. Rannan Chinedu ya shagala da waya bai yi ihu ba, na yi ta juyi har jiri ya kwashe ni na faɗa kan allo. Malam ya ce madalla, yau mun ga abin da ke faruwa in saƙo ya yanke a hanya. Aji ya yi dariya har da hawaye, ni ma na yi. Sai da na isa gida abin ya ci ni.

Na uku, abin da muka ƙware a kai shi ne tarbar baƙo. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an raba mana hular kwano, an koya mana inda za mu tsaya da lokacin tafi. Baƙo ya ɗaga zuwa, a karɓe huluna. Ya sake sa rana, a sake rabawa. Wallahi a Gombe kaf babu ajin da ya kai mu iya tafi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ban yi boko mai nisa ba. Da takardun da ke zuwa cikin kwalin janareto na koya wa kaina Turanci, kalma-kalma, ina gyaran fanka a shagon kawuna. Zanen yadda injina za su yi magana da juna kuwa, ko a ƙasa da tsinke zan yi maka shi. Wani Alhaji mai injin shinkafa ta wajen Kagarawal ya ga zanena ya yaba, sannan ya buɗe akwatin injinsa ya ce in nuna masa inda wayar sensa ke shiga. Na tsaya ina murmushi kamar an kawo ni gaida surukai. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen watan nan, in hannuna bai san kaya ba zai ɗauko mutum daga Kano.

Saboda haka roƙona ba shi da tsawo. A ba Malam makulli. Mu warware ledar a hankali, ba za mu yaga ba, mu koyi abin da ya kawo mu. Duk ranar da baƙo ya tabbata yana hanya, ni da Chinedu za mu mayar da komai, mu goge, mu ɗaura ƙyalle har ya fi na da kyau. In ya yanke, za mu buɗe baki mu yi mamaki kamar yau muka fara gani. Wannan kam an riga an horar da mu.

Allah ya ƙara maka girma, ya kai ka kujerar da kai ma za a riƙa jiranka da almakashi, ya kuma ba ka ikon zuwa da wuri. Alhaji dai bai ɗaga tasa ranar ba.

Wassalam.
Sadiƙu, Bagadaza.