Ciwon da Ya Kashe Ka Yana da Suna, Yaya Sani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana Sani, manomin lambu a Jiratawa, wanda Allah Ya karɓi ransa bayan damanar bara. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahama. Ni ce Hadiza, ta unguwar Zariya a Maraɗi. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko da kana raye ma, miƙo mini wayar za ka yi ka ce in karanto maka. Da gangan na sa ta nan inda jama'a za su gani, don akwai waɗanda nake so maganar ta kai gare su.

Fushi nake yi, Yaya. Kowa ya gan ni sai ya ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne ya ƙare, ba da Allah nake jayayya ba. Da mutane nake, kuma kana cikinsu.

Ka tuna ranar da ka zo gidana ka kasa cin tuwo? Kai da kake cinye malmala uku ka tambayi saura. Ka yi loma biyu ka wanke hannu, ka dafe ƙarƙashin haƙarƙarinka na dama. Wandonka har ka ƙara mashi ƙulli. Na matsa maka, muka hau kabu-kabu muka tafi wata likitar kuɗi, wato asibitin kuɗi, a Sabon Gari.

Aka kwantar da kai, aka shafa maka mai mai sanyi a ciki, aka ɗora na'urar hoto. Likitan ya daɗe yana kallon allon, ya kira abokin aikinsa, suka tsaya a kanka suna Faransanci kamar buhun gero ne a gabansu. Ni da nake koyar da Faransanci a lakwal, makarantar boko, na tsinci kalma biyu, masse da suspecte, wato dunƙule da abin zargi. Na tambaya me suke nufi. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Madam, ki bar wa likita aikinsa." Kai kuma ya ce maka, "Ɗan kumburi ne a hanta, ka sha magani, in bai sauka ba ka dawo."

Kumburi! Zuma ta harbi yaro, kumburi ne. An yi targaɗe, kumburi ne. Haƙori ya ruɓe kunci ya tashi, kumburi ne. Da wannan kalmar aka sallame ka, alhali mutumin ya ga abin da ya gani, har ya kira wani ya taya shi gani. Ka fito kana dariya, kana cewa na tayar maka da hankali a banza. Ka koma lambu ka ci gaba da yankan tamakka, zogalen nan naka.

Maganin ya ƙare, ciwo bai sauka ba. Kafin ka yi shawarar komawa, Kawu Illa ya riga ya zo da nasa bayanin. Nasa kuwa cikakke ne, da Hausa tsantsa: jifa aka yi maka, an ajiye maka abu a ciki. Ya ma san wanda ya yi. Ayuba ne, in ji shi.

Ayuba fa, Yaya. Ayuba na Tibiri, wanda kuka tashi tare tun mahaifinsa yana zuwa sayen albasa gun Baba. Wanda kuka haɗa hannu kuka sayi injin ban ruwa. Wanda matarsa Saratu ke aiko mana da shinkafa ranar Kirsimeti, mu kuma mu aika masu cinyar rago da Layya. Don kawai kun yi cacar baki a kan wa zai fara ban ruwa ranar da injin ya dawo daga gyara, shi ke nan ya zama mai jifa. Kawu ya ɗauke ka a mota zuwa wani ƙauye, wani mutum ya zana ƙasa ya ce lalle na kusa ne, kuna cin abinci akushi ɗaya. Wa ba ya da na kusa?

Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi mai hankali irinka ya yarda. Yanzu na gane. Likita ya ba ka kalmar da ba ta ce komai ba. Kawu ya ba ka dalili, ya ba ka suna, ya ba ka magani, duka cikin harshen da kake mafarki da shi. Na gane, amma ban huce ba.

Aka shiga ɗura maka jiƙe-jiƙe masu ɗaci, hantar da ke neman hutu aka ƙara mata aiki. Aka yi maka tsaga a ciki aka shafa baƙin gari. Duk lokacin da na ce a koma likita, sai Kawu ya ce, "Wanga ba ciwon likita ba ne, ƴar boko." Kai kuma ka ce, "Hadiza, ai sun duba sun ce kumburi ne."

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda Ayuba ya zo dubiya. Ina tsakar gida tare da matarka Balki muna tsince shinkafa. Ya yi sallama a zaure, da gwanda biyu a hannu, ya tsaya yana jira. Ka juya fuskarka bango ka ce, "A ce mashi ina barci." Ya ji ka, Yaya, katangar zana ce. Ya ajiye gwandar ya tafi. Kawu ya sa aka zubar da ita a juji.

Sai da idanunka suka koma ruwan ɗorawa, cikinka ya cika da ruwa har ba ka iya ɗaura wando, sannan aka yarda muka kai ka babbar likita a Maraɗi. Aka ɗebi jini, aka sake hoto, aka yi wanda ake shiga da mutum cikin na'ura. Da sakamako ya fito, wata likita mace ta jawo kujera ta zauna dab da gadonka. Ta tambaye ka ko kana son a faɗa maka komai, ka ce ƙwarai. Ta yi maka Hausa.

Ta ce abin da ke cikinka ba kumburi ba ne, ƙari ne, wato nama ne da ke tsiro inda bai kamata ba. Ta ce ƙari iri biyu ne. Akwai mai zama wuri ɗaya, ya yi girma a hankali, bai tsallaka ko'ina, in an cire shi an gama. Shi ne suke cewa bénigne. Akwai kuma mugu, maligne, mai cin naman da ke kewaye da shi yana aika ƴaƴa ta hanyar jini, kamar ciyawar nan mai bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a fangalin maƙwabci. Wannan shi ne ciwon daji. Ka gyaɗa kai, don ka san ciyawar.

Ta ce shi ma dajin ba ɗaya ba ne, ana kiransa da sunan inda ya fara. Wanda ya tashi daga fata ko shimfiɗar kayan ciki, carcinome. Na ƙashi da tsoka, sarcome. Akwai na jini, akwai na kaluluwa. Naka daga hantar kanta ya tashi. Ta ce kuma ana auna shi hawa-hawa, daga ɗaya zuwa huɗu: a hawan farko yana ƙarami a wurinsa, ana iya yanke shi, a na huɗu ya riga ya yi ƙaura zuwa wasu gaɓoɓi. Naka ya kai huhu.

Duk bayanin nan bai kai tsawon shan shayi ba. Abin da aka hana ka ke nan a Sabon Gari. Ban sani ba ko a wane hawa kake a lokacin, ita ma ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Wataƙila da an tura ka Yamai an yi wani abu, wataƙila da ba a iya ba. Amma da ka san da me kake faɗa. Cikinka ne, ranka ne. Wa ya ba wani izinin yanke cewa manomi ba zai gane ba?

Sai ka yi tambayar da ke cinka tun farko: "To, wa ya saka mini shi?" Ta ce babu wanda ya saka. Ta ce a jininka akwai ƙwayar cutar hanta, hépatite B, mai zama shiru shekara da shekaru tana cin hanta. Mai yiwuwa tun kana jariri ka same ta, ko wajen haihuwa, ko ta askar wanzami, ba mai iya cewa. Ta ce gyaɗa da masara masu fumfuna su ma suna ƙara wa hanta rauni, in suka haɗu da ƙwayar abin ya fi muni. Tun kafin ka san Ayuba ke nan, Yaya. Tun kafin ka iya tafiya.

Ka ɗaga kai ka kalli rufi. Can ka ce, "Ashe haka ne." Daga baya ka ce, "Ku kira mini Ayuba."

Na kira shi. Yana Jibiya ya je neman kayan injin, ya ce yana tafe. Kafin ya iso da safe, dafin hanta ya hau maka kai. Ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, ya durƙusa ya kira sunanka. Ka dube shi ka tambaye shi ko shi ne mai kawo allura. Ya ce, "Ni ne Ayuba, Sani." Ka ce a rufe ruwa, fangali ya cika. Ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafarka, bai tashi ba har azahar.

Ranar jana'izarka bai shiga sahu ba, addininsa daban, ya tsaya can gindin itacen bedi. Amma tun da sassafe yana maƙabarta tare da masu haƙa. Kawu ya gan shi ya tofar da yawu. Har yau Kawu yana cewa likitoci ba su ganin jifa a na'ura. Ranar sadakar arba'in na tsaya a bakin zaure, gaban maza, na ce, "Dajin hanta ne ya kashe Sani, ƙwayar cuta ce ta jawo shi, duk wanda ya sake kiran sunan Ayuba sai mun tsaya gaban Allah." An ce na yi rashin kunya. Na yi, kuma zan ƙara.

Likitar ta ce duk ƴan gida a auna jini. Balki ba ta da ƙwayar, an yi mata rigakafi ita da yara ƙanana. Babbar ɗiyarka Zainabu tana da ita. Ni ma ina da ita, Yaya. Da aka faɗa mini ban yi kuka ba sai da na fito bakin titi. Tare muke zuwa awo ni da Zainabu, an ce hantarmu lafiya lau tukuna, in an ga alama akwai maganin da ke danne ƙwayar. Kawu ya ƙi zuwa, ya kuma hana ƴaƴansa.

Lambunka bai mutu ba. Ayuba ke ba shi ruwa, ya kai wa Balki abin da aka yanka. Rannan na same shi a bakin rijiya na ce na zo roƙa maka gafara, tunda bakinka bai samu ya faɗa ba. Ya daɗe yana goge hannu a riga, sannan ya ce, "Hadiza, ai ya aika a kira ni. Wannan ya ishe ni."

Ina kewarka, Yaya. Ina kewar yadda kake shigowa gidana ba sallama sai ka kai tsakar gida, da damin tamakka a kafaɗa, kana tambayar abin da aka dafa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya yafe maka zaton da ka yi wa amininka, shi ya riga ya yafe. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya ba Zainabu tsawon kwana. Ni kuma Allah Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu da sauran wuta.

Ƙanwarka da ba ta gama fushi da kai ba,
Hadiza