Wayar Ƙasa da Aka Yanke a Barikin Batsari

Daga Sada ɗan Labaran,
Mai haɗa wayar lantarki,
Tsaskiya, ƙasar Safana.
17 ga Yuni, 1957.

Zuwa ga Mai Girma Di'o,
Mai rangadin Batsari da Safana.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙwace takardar shaidar aikina, da fiyus ɗin da na ƙi mayarwa

Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon ka karanta wannan takarda da kanka, domin rahoton da aka kawo maka a kaina an yanke masa rabi.

1. Daga 4 zuwa 16 ga Fabrairu na bana, ni na ja waya a barikin saukar baƙi na Batsari, bayan an kawo injin wuta. Makunnan fitila guda biyar ne, duk masu murfin tagulla. Kowanne na haɗa shi da wayar ƙasa, wadda ta bi gindin bango ta shiga rami mai zurfin kamu shida, inda na binne sandar jan ƙarfe cikin gawayi da gishiri. Aikin wannan waya ɗaya ne: in wuta ta ɓalle ta hau murfin makunni, ta kwashe ta zuwa ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum. Na nuna wa Usaini, helmanin barikin, na gargaɗe shi kada kowa ya taɓa ta.

2. Ran 20 ga Mayu aka yi yaɓen da aka saba yi wa gini kafin ruwa ya sauka. Daudu magini ya ga gara ta hau wayar tana neman azarar rufi, sai ya sa gatari ya datse ta, ya shafe wurin da laka. Ba na ƙarar Daudu. Shekara talatin yana faɗa da gara, abin da ya gada ke nan, kuma ya tambayi helmani kafin ya sara. Helmani ne ya ba shi izini, wai waya ce ta banza tunda ba ta kunna fitila ko ɗaya. Har laka suka cusa a bayan makunnin baranda don bango ya yi sumul.

3. Ranar Alhamis, 6 ga Yuni, da la'asar, hadari ya rufe gari, aka tayar da inji. Ruwan farko ya jiƙa sabon yaɓen. Tasalla, wata mata ce daga Ruma mai sharar barikin, ta sa hannu ta kunna fitilar baranda, ƙafarta ba takalmi. Wuta ta riƙe ta, sai da kukun barikin ya buge hannunta da taɓarya. Allah ya yi da sauran kwananta. Na je na duba ta. Tafin hannunta ya ƙone, yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, ba ta iya riƙe tsintsiyar da take ci da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai sauka ba.

4. Ran 8 ga Yuni helmani ya rubuta maka rahoto cewa aikina ne ya lalace. Ya karɓe takardar shaidata, wadda na yi shekara huɗu a Kaduna ina koyon aiki kafin a ba ni. An bar jaki ana dukan taiki, ranka ya daɗe. Bai ambaci gatari ba, bai ambaci yaɓe ba. Yanzu daga Batsari har Babban Duhu ana nuna ni da baki, wai ga mai sa wa bango wuta.

5. Ya kuma rubuta cewa na yi sata. Wannan kam na amsa rabinsa. A ranar da na ga hannun Tasalla na zare babban fiyus na gidan, wato abin da in babu shi wuta ba ta shiga waya, na sa a aljihu a gaban mutane. Ɓarawo ba ya tara shaidu. Sau uku helmani ya aiko a karɓa, domin an ce za ka sauka a barikin ran 24 ga wata, yana so ka tarar da haske. Sau uku na ƙi. Wayar ƙasa tana nan a yanke, bango yana nan a jiƙe, kuma makunnin da ke kusa da gadon da za a shimfiɗa maka irin na barandar ne.

Saboda haka ina roƙo, cikin girmamawa, a tone gindin bangon gabas a gabanka, a kira Daudu ya faɗi wanda ya ba shi izini. Gani ya kori ji. A mayar mini da takardata, a janye rahoton a rubuce kamar yadda aka yi shi a rubuce. A kai Tasalla asibiti, a kuma riƙe mata aikinta. In an yarda, kwana biyu sun ishe ni in haɗa wayar, in saka ta cikin bututun ƙarfe don kada gara ta sake jawo mata gatari.

In kuwa an ga ɗauri ya cancance ni, gidana sananne ne a Tsaskiya, ba sai dogari ya wahala ba. Amma ba zan mayar da fiyus ɗin nan ba sai wayar ƙasa ta koma ƙasa. Kafin nan ina ba ka shawara, ranka ya daɗe, ka taho da fitilar ƙwai. Gara ka kwana da warin kananzir kana jin haushina, da a ce na bar ka ka sa hannu inda Tasalla ta sa nata.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Ni ne mai biyayya a duk abin da ba wannan ba,
Sada ɗan Labaran.