Jarkar Ruwan Teku

Arkilla, Sakkwato,
Talata.

Zuwa ga Sadiyatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na gaishe ki ne don haka aka koya mini, zuciyata ba ta so ba. Na toshe lambarki, shi ya sa kika ga takarda a hannun Dijatu mai kitso.

Kin san shekara nawa na yi ina karanta teku a littattafai ban taɓa ganinsa ba. Da kika ce mu raka ki Badagiri da ke bakin teku sarin leshi, ni da ƙawarmu Hajara, mu huta kwana uku, maigidana Sharifuddeen ƙi ya yi. Inna, mahaifiyarsa, ita ta sa baki ya bar ni, bisa sharaɗi ɗaya: in zo mata da ruwan teku a jarka, don an ce mata yana maganin ciwon gwiwa.

A gabanki na ɗebo shi. Na shiga har gwiwa, igiyar ruwa ta tafi da takalmina ɗaya, kuna ta dariya. Ranar nan ji na yi ni ce yarinyar da ake ba da labarinta. A tasha kika karɓi jarkar, kika ce za ki sa ta cikin kayanki.

Jiya Hajara ta kasa riƙewa ta gaya mini. Tun a tashar kika tuttular da ruwan a kwata, wai kada ya zubo ya jiƙa miki leshi. Da muka iso gidanki a Gawon Nama, ina salla kika cika jarkar da ruwan rijiya da gishirin miya, kika miƙo mini kina murmushi.

Yau kwana tara Inna tana shafawa, tana sa mini albarka. Duk sanda ta ɗaga hannu sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ki zo kafin Juma'a ki faɗa mata da bakinki. In na faɗa ni kaɗai, wa zai yarda ban sani ba?

Wassalam,
Mariyatu.

Arkilla,
Asabar.

Sadiyatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, saƙonki ya iso ta bakin Dijatu. Wai ruwa ai ruwa ne, tsohuwa ta samu sauƙi, in bar karance-karancen da ke juya mini kai. Na ji. A littattafan da kike rainawa, muguwar ƙawa tun shafin farko ake gane ta. Ke shekara goma sha ɗaya muka yi.

Na jira ki har la'asar ɗin Juma'a, sannan na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ashe ta ɗiba wa tsofaffi uku na unguwa a kwalba, tana gaya musu surukarta ce ta shiga teku da ƙafarta ta ɗebo. Ta ce ƙarya ba za ta kwana a gidajen mutane da sunanta ba. Ta yafa mayafi, da gwiwar nan tata muka bi gida uku, tana dafe da kafaɗata, tana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. A gida na uku sai da aka kawo mata kujera a zaure, ƙafar ta ƙi ɗaukarta.

Sharifuddeen ya yarda ban sani ba. Amma ya tambaye ni dalilin da zan ba wani amanar mahaifiyarsa ya riƙe mini. Ba na jin zan sake ganin teku, kuma ban da bakin roƙo.

Ki ba Dijatu littattafaina bakwai da ke wurinki, har wanda bangonsa ya cire. Ga jarkarki nan, da sauran rabi a ciki. Gishirinki ne, ki yi miya da shi.

Wassalam,
Mariyatu Na'Allah.