Wasiƙa Zuwa Dublin Bayan Juma'ar Bama-bamai

Hindawiyya, Jidda
26 ga Mayu, 1974

Zuwa ga Mastura matata, sanyin idona, iskar teku a tsakiyar zafin Jidda, ruwan randa ga mai azumi, furen ful mai ƙamshi da na tsinka da hannuna kuma na miƙa wa ƙasar da ban sani ba. Amincin Allah ya tabbata a gare ki a duk halin da wannan takarda ta same ki.

Ya habibati, ban san ta inda zan fara ba. Ni da nake kama wayar da ba ta kai gashin kai kauri ba in liƙa ta a cikin rediyo, yau alƙalami ya gagare ni!

Ran Asabar, sha takwas ga wata, da hantsi, ina shago na gama gyara wata rediyo, na murɗa don in gwada ta. Muryar farko da ta fito ita ce ta ce jiya Juma'a da yamma motoci uku sun fashe a tsakiyar Dublin, mutane fiye da ashirin sun mutu, da yawansu mata. Ta ce motocin haya suna yajin aiki, don haka tituna cike suke da masu tafiya a ƙasa. Mai rediyon yana ta tambayata, "Ya mu'allim, halas? Ta gyaru?" Ni kuwa ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

Wa ya tura ki titi ran Juma'a, Mastura? Ni ne. Wallahi ni ne.

Kin tuna sanda asibitinku ya zaɓe ki zuwa karatun ungozoma a Dublin, kika ce ke daga ɗakin kwana sai ɗakin haihuwa, ba ruwanki da garin mutane? Ni na yi miki dariya. Ni na je wajen maƙwabcinmu Idris na tashar jiragen ruwa, na karɓo ɗan littafin nan mai hotuna da wani matuƙi ya ba shi. Muka zauna a soro bayan la'asar, Idris yana fassarawa, ina rubutawa, ke kina zuba mana shayi da na'ana'a kina harararmu. Na ce baƙon da ya je Dublin bai ga wurare biyar ɗin nan ba, bai je ba. Na ce ki zama idona, tun da ni ko garin Suwakin da aka haifi ubana ban taɓa gani ba. Kika ce, "To, don kai zan je." Kaicona da wannan magana!

Kuma kin cika alkawari, ya mai gaskiya. Duk Juma'ar da kika samu hutu sai kati ya biyo baya. Na farko siririyar gadar ƙarfe mai doro a kan kogin Lifi. Kika ce ruwan baƙi ne kamar gahawa, kin rufe ido kin tsallaka da bisimilla. Na biyu dogon ɗakin littattafai na kwalejin Tiriniti, inda kika ga littafin da aka rubuta a fatar maraƙi shekara dubu da wani abu, kika ce adonsa ya tuna miki da zayyanar allon kakanki. Sai lambun nan mai faɗi da barewa ke kiwo ba makiyayi, kika ce kore ya yi yawa har idonki ya gaji. Sai tsohuwar fadar dutse, wadda ba ta burge ki ba, kika rubuta mini cewa gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, sun fi ta kyau. Na yi dariya har hawaye.

Saura ɗaya: babban gidan waya mai ginshiƙai shida, a babban titin garin. A katinki na ƙarshe kika ce ran sha bakwai ga wata za ki je da yamma, ki jefa mini kati daga cikinsa. Idris ya buɗe taswirar bayan littafin, ya aza yatsa a gidan wayan, ya aza wani a titin da rediyo ta ambata. Yatsun nan biyu suna taɓa juna, Mastura. Suna taɓa juna!

Kwana takwas ba ci ba sukuni. Na murɗa kowace tasha da ke duniya, ba wadda ta karanta suna. Na je ofishin asibitinku, suka ce bukra, wato gobe, na koma suka ce bukra. Innarki Jamilatu ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dube ni kawai ta ce, "Abdulwahid, ita fa ba ta son fita." Wace wuƙa ce ta kai wannan kaifi?

Jiya aka kawo barƙiyya, wato saƙon tangaraho, da sunanki a ƙasa. Abu biyu kawai: da rai, asibiti. Na yi sujada a bakin ƙofa, Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida. Amma da kowa ya watse sai tsoron ya dawo ya zauna kusa da ni. Wane irin asibiti, ya nurul aini, hasken idona? Kina tsaye ne kina ɗaure raunin mutane, ko kina kwance ana ɗaure naki? In lafiya kike, me ya hana ki ƙara kalma ɗaya? Barƙiyya ba ta da rubutun hannu. Wa ya je ya buga ta, ke ko wata? Ƙafafun nan da nake jin takunsu tun daga bakin lungu, suna nan? Idanun nan da suka fi hasken fitilun jirage a kan teku, suna gani?

Ina roƙon ki don Allah, kada ki ɓoye mini komai don tausayina. Ki rubuto da hannunki. In na dama ba ya iyawa, ki sa na hagu, zan karanta ko ya karkace kamar sawun kaza. In duka biyun ba hali, ki sa a dangwala yatsanki a tawada a aza a takarda, zan gane shi cikin yatsu dubu. Kuma ki bar sauran garin, ya ishe ni. Ba na son gada, ba na son lambu, ba na son ginshiƙi ko ɗaya. Kada ki ƙara taka titi sai ranar zuwa filin jirgi.

Ga abin da na rantse a kansa ran Juma'a a masallacin Shafi'i, kuma nake maimaita miki. Yadda duk kika dawo, haka nake son ki. In da tabo a fuskarki, nan zan fara sumbata. In ba kya ji, zan koyi magana da hannu. In a kujera aka sauko da ke, zan bar benen nan in nema mana gidan ƙasa, kuma ni zan tura ki har tsufa ya tanƙwara ni. Ba wata kafin ke, ba wata bayanki.

Naki, jiya da yau da ranar da za a tashe mu,
Abdulwahid Usuman