Gas ɗin Imrana

Talata, 1 ga Yuli, 2025

'Yata Mutmainna ta zo daga Katsina da tukunyar gas da murhu. Likita ya ce in uwarta Hajo ba ta rabu da hayaƙin itace ba, ƙirjin nan ba zai daina sarƙewa ba. Ban so ba. Wuta a cikin ƙarfe, ga jikoki suna shige da fice. Amma itacen ma ina yake? Tun da daji ya lalace ba mai zuwa bayan Gangara ya yo, wanda ake kawowa kuma jiƙaƙƙe ne, hayaƙi zalla. Na ce a aje ta a rumfa, nesa da ɗakina.

Asabar, 5 ga Yuli

Hajo ta yi tuwo ba ta yi tari ba ko sau ɗaya. Sabon abu ai haka yake farawa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Gas ya ƙare. Mutmainna ta ce wanda ta cika a Katsina ne, kuma an yi baƙi, ba mamaki. Na ɗora tukunyar a mashin na kai Magama wurin Imrana, shi kaɗai ke cikawa a kusa da mu. Ɗalibina ne a firamare, ba ya cikin masu ƙoƙari. Ya durƙusa har ƙasa. "Baba, kai da kanka? Da ka aiko." Gaisuwar ta yi yawa. Sikelinsa yana cikin shago, fuskarsa na kallon bango. Na lura da wannan.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ya sake ƙarewa! Ana tsakiyar dafa wake. Ko dai tiyon yana yoyo, ko wani yana girki da shi in mun fita. Na shafa wa tiyon ruwan sabulu kamar yadda Mutmainna ta nuna, ba kumfa. To saura mutum. Nana, matar Dalhatu direba da ke haya a sashen baya, kullum tana wurin Hajo. Mutuniyar Maraɗi ce, bakinta ba ya rufuwa. Na tambayi Hajo ko tana ba ta aron wuta. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah."

Juma'a, 25 ga Yuli

Ban samu zuwa Magama ba, ruwa tun safe. Hajo ta hura itace ba ta faɗa mini ba. Na dawo daga masallaci na iske ta zaune a ƙasa ta dafe ƙirji, numfashi kamar ana busa sarewa, leɓenta ya canja. Dalhatu ne ya kai mu asibiti a motarsa, Nana ta riƙe ta a baya tana ta yi mata fifita da mayafi. Sun sa mata abin shaƙa.

Litinin, 28 ga Yuli

An sallamo Hajo. Nana ta tare ni a zaure. Wai ita ma nata ba ya daɗewa, na Salmatu mai ƙosai ma haka, kuma duk wurin Imrana suke cikawa. Ta ce a can wajensu ana ba ka tukunya a rufe da hatimi, ka ba da wadda ta ƙare. "Nan ko, mi ka gani? Ya juya maka baya ya ce ta cika." Tana son a samo sikelin rataye, irin na masu hatsi, a auna tukunya kafin da bayan cikawa.

Ƙanenta yana shigo da kaya daga Maraɗi. Wa ya sani ko so take a kashe wa Imrana kasuwa a buɗe tasu?

Mutmainna ta ce a waya akwai hukumar da ake kai wa ƙara in an cuci mai saye. Hukuma tana Katsina, mu muna Jibiya.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na sayo sikelin da kaina a kasuwa, don kar a kawo mini wanda aka riga aka taɓa. Sai da na gwada shi a wurin masu hatsi biyu.

Mun je mu huɗu da tukwanenmu: ni, Nana, Salmatu da wata maƙwabciya. Na rataye tawa a reshen dalbejiyar ƙofar shagon ba komai a ciki, na sa kowa ya gani. Imrana ya cika, ya ce kilo shida. Na sake ratayewa. Abin da ya shiga huɗu ne da ɗan ɗoriya. Na Nana ma haka. Na Salmatu ya fi muni.

Mutane sun taru, 'yan dako da direbobin da ke jiran a buɗe musu hanyar boda. Imrana ya ce sikelina ne maras kyau. Na ce to juyo da naka mu gani. Ya ƙi. Ya ce daga yau ba zai ƙara sayar mana ba, mu je mu nemi wani. Na tuna Hajo da hayaƙin itace. Salmatu ce ta ce masa ba ita kaɗai ba, duk matan unguwa za su ji kafin magariba.

Sai ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa. Wai mai shagon ne ya saita sikelin haka, shi yaron gida ne. "Baba, ka rufa mini asiri." Na ce Hajo ta kwana uku a asibiti. Ya sunkuyar da kai. Ya cika mana duka har sikelina ya yarda.

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa a kan mai shagon.

Talata, 5 ga Agusta

An ce ya juyo da fuskar sikelin waje. Ai ana iya saita shi ko yana kallon waje.

Asabar, 16 ga Agusta

Gas bai ƙare ba tukuna. Hajo ta fita har bakin titi ta dawo da ƙafarta.

Zaurena ya zama tasha, mata suna ta sallama a ba su sikeli. Da farko ni nake binsu. Yau ƙafa ta hana ni, Nana ta zo za ta raka wasu mata daga Mazanya. Na miƙa mata, na ce ta bar shi a wurinta kawai, ita ta fi zirga-zirga. Ta tsaya tana kallona kamar zan ƙara wata magana.

Don ƙafar ce.