Jininmu Bai Haɗu Ba

Ya Batula, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan fako, inuwar tsamiyar da nake gudu gare ta idan rana ta take!

Saƙonki ya iske ni nan Tambuwal. Kin ce in yi murna, an sami wanda zai ba ki irin jini. To, ga ni ina murna, leɓena a cije.

Ranar da likitocin Legas suka ce ciwon dajin kaluluwa ya dawo miki, kuma naki ƙwayoyin ɓargo ba za su wadatar ba sai na wani, wa ya fara miƙa hannu? Ni ne. Suka auna, suka ce na tsufa, kuma jininmu bai haɗu ba. Bai haɗu ba! Mu da duk garin Sanyinna ya shaida jininmu ya haɗu tun kina budurwa! Kin tuna ranar da ƙayar magarya ta soke ki a hanyar gonar babanki, na share miki yatsa da bakin rigata? Rigar tana nan cikin akwati. Ɗigon ya koma baƙi, na hana a wanke.

Sai ga Maccido, ɗan kawunki na Fakku, wanda ya riga ni zuwa zance ƙofar gidanku, wai nasa ne ya dace.

Da ban yi karatu ba da na huta. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane ilimin halittu, babu mai tuna ni a cikinsu. Ribata ɗaya ita ce ina gane duk abin da likita ya faɗa. Za su yi ta yi wa Maccido allura har ƙwayoyin su baro ɓargonsa su shiga jini. Su zaunar da shi, allura a dama, allura a hagu, na'ura tana ja tana tacewa kamar mai shiƙar gero, ta ware iri ta mayar masa da saura. Sannan a shuka irin a ɓargonki. Daga ranar, farin watana, duk ɗigon da ke yawo a jikinki daga gonarsa ya tsiro. In na riƙe hannunki na ji ɗumi, ɗumin wa nake ji?

Har wurin liman na je, na tambaya ko jini yana haramta aure kamar nono. Na so ya ce e, Maccido ya zama muharraminki, in ajalina ya zo in tafi da kwanciyar rai. Ya ce a'a.

Maccido kuwa ya aiko cewa ya yarda, amma ba zai shiga mota ba sai ni mijinki na tako da ƙafata na roƙa. Ya san abin da yake yi. Likitoci kuma sun ce ciwon ba zai jira kaka ba.

Gobe da hantsi zan hau babur zuwa Fakku. Zan tuɓe takalmi, in durƙusa, ko a gaban shanunsa ne. Ni zan rako shi Legas, in allurar ta sa ƙasusuwansa ciwo ni zan matsa masa. Ki rayu, Batula, ko da jinin wa ne! Abu ɗaya nake roƙo: ranar da kika tashi, ki yi masa godiya sau ɗaya, a gabana, sannan ki juyo ki dube ni.

Naki, da jinin nan da aka ƙi, har ranar da zai daskare,
Almustapha